Izu Biyun da Ban Karanta Ba

Edita, sallama gare ka, da kai da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina cewa nawa ba na faɗa ba ne, to yau dai na ce bari in rubuta, wanda zai zage ni ya zage ni. Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da ɗaya, ɗan acaɓa ne ni a cikin birnin Kano, kuma irin samarin nan ne da ba sa iya zama wuri ɗaya ko na minti goma. Boko na ajiye ta a aji biyu na ƙaramar sakandare, allo kuwa na jingine shi tun ina izu huɗu. Na taɓa zama wajen tela wata uku, na yi wata biyu wajen mai gyaran waya, kowanne sai in ji kamar an ɗaure ni da igiya. Babur ne kawai ya karɓe ni, don shi ma ba ya son tsayuwa. Baki kuma Allah ya ba ni. Idan na ɗauki musu a majalisa, kan ƙwallo ne ko kan siyasa, sai dai mutum ya gaji ya bar mini.

Gidanmu a Kabara yake, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. A irin gidanmu ba a tambayar namiji ko ya iya karatu, cin fuska ne. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara tara, gwaggona ta ɗauke ni ta tafi da ni Gusau, can na girma, ban dawo ba sai da na fara gemu. Gwaggo mace ce mai son rufa asiri, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce yaro yana karatu. Ni kuma da na dawo na ga kowa ya ɗauka na yi nisa, sai na bar su a haka. A gidanmu mutum ɗaya ne ya san gaskiya, yayana, ɗan farin Ummanmu. Shi ya taɓa miƙo mini littafi in duba masa wani wuri ya ga na tsaya ina zare ido. Bai tona ni ba. Dariya kawai ya yi, ya ce wato Shehin Gusau ashe fanko ne, ya ce in bari hanya ta yi sauƙi zai haɗa ni da wani malami a bayan gari inda ba wanda ya san mu. Direban babbar mota ne, yana lodin hatsi a kasuwar Dawanau yana kaiwa gabas, wajen Maiduguri da garuruwan da ke gaba da ita.

Waɗanda suka zauna Kano a shekarun nan sun san yadda aka yi rayuwa. Ka ji ƙarar tayar mota ta fashe, kasuwa ta watse. Kowace kwana shingen sojoji, sai ka sauka daga babur ka tura shi da hannu ka wuce kana sunkuyar da kai. Mutanen nan da suka addabi ƙasa ko sunansu ba a kira da ƙarfi, sai dai a ce su, ko a ce mutanen nan, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Daga baya aka hana goyo a babur, ni da abokaina muka wayi gari ba sana'a. A cikin wannan hali Yaya ya yi lodi ya kama hanya. Kwana biyu muna samunsa a waya, ran na uku shiru. Da farko muka ce sabis ne, don a lokacin ana yawan katse shi a can. Aka yi mako. Masu motar suka aika aka bi hanya, ba shi, ba motar, ba wanda ya ce ya ga wani abu.

Sai Baffanmu, ƙanin mahaifinmu kuma babba a gidan, ya ce za a riƙa yin saukar Alƙur'ani duk Juma'a bayan la'asar har Allah ya bayyana shi. Ga wanda bai san yadda ake yi a gidajenmu ba, akwai Alƙur'anin kakanmu na rubutun hannu, falle-falle ne a cikin gafaka, ba a ɗinke yake ba. Izu sittin ne, sai a rarraba wa mutanen da suka taru, kowa ya ɗauki abin da zai iya, a karanta lokaci ɗaya, cikin ƙasa da awa guda an sauke. Ranar farko soronmu ya cika har waje, 'yan uwa da maƙwabta da abokan mahaifinmu. Baffa yana rabo yana tambayar kowa nawa zai ɗauka. Da ya zo kaina, a gaban duk mutanen nan, ya ce kai fa ɗan Gusau, nawa? Wallahi na buɗe baki da niyyar in ce zan je in taya a kawo ruwa. Abin da ya fito shi ne biyu. Wani dattijo ma har ya ce madalla, jini ba ya ƙarya.

Aka ɗora mini fallayen a hannu. Daga cikin dogayen surori ne, ga rubutun irin na dā, mai lanƙwashe-lanƙwashe da jan tawada. Na san baƙaƙen ɗaya-ɗaya, amma kafin in haɗa kalma guda na kusa da ni ya gama layi uku. Sai aka fara, soron ya ɗauki gunji, mutum kusan talatin kowa yana karanta nasa da ƙarfi, ba mai jin abin da wani ke cewa. Nan na gane ashe akwai wurin ɓuya. Na sunkuya, na dinga rangaji kamar kowa, ina maimaita Ƙulhuwallahu da ƙananan surorin da na haddace, ina satar kallon hannun na kusa da ni, ya juya falle in juya. Da aka gama Baffa ya ce kowa ya kai? Aka ce mun kai. Ni ma na ce na kai. Aka yi addu'a doguwa, aka tofa a ruwa aka shiga wa Umma da shi, aka raba waina da goro. Na ce wa kaina mako mai zuwa zan san dabarar zillewa. Amma wanda ya ɗauki biyu yau, da wane baki zai ce gobe bai iya ba? Juma'a bakwai aka yi. Sau bakwai na karɓi izu biyu, sau bakwai na ce na kai.

Bayan ta bakwai ne wani direba ya yi sallama a ƙofar gida da hantsi, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya ce tare aka tare su da Yaya. Ya ce ba a kashe su nan take ba, an tafi da su daji ana sa su jigilar kaya, kuma sun fi wata suna kwana wuri ɗaya. Ya ce Yaya ciwo ne ya kama shi, ba magani, ba abincin kirki, ya rasu a hannunsa, shi ya yi masa abin da ya sawwaƙa ya rufe shi, daga baya Allah ya ba shi sa'a ya gudo. Baffa ya tambaye shi yaushe ne. Da mutumin ya lissafa, sai ya kama tsakanin sauka ta biyar da ta shida. Kowa yana salati, ni lissafi nake yi. Wato duk Juma'o'i biyar ɗin nan da nake juya falle ina ƙarya, yayana yana da rai, yana jiran a roƙa masa.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Umma ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce yaron nan. Mata suna ta yabon haƙurinta. Ni kuma ban iya zaman gidan ba. Na koma wuni a gindin Goron Dutse, a rumfar wani mai wankin hula inda tsofaffin 'yan acaɓa muke taruwa muna kashe lokaci. A nan na fara abin da ya sa nake wannan rubutu. Abu biyu ne a gabana. Ko dai akwai mai jin addu'a, ni na ɓata ta, ko kuma babu kowa, to ba laifina. Na zaɓi na biyu, don ya fi sauƙin ɗauka. Ban faɗa wa kaina haka a lokacin ba. A lokacin gani nake ni ne mai wayon da ya farka, sauran duk barci suke.

Na fara da tambaya, kamar mai neman sani. In ce jama'a, sauka bakwai, malamai talatin, ba ko wasali da aka tsallake, ina amsar? Su ce Allah ya fi mu sani. In ce wannan ai amsar da ake ba yaro ce idan ana so ya yi shiru. Na dinga sa data ina kwaso maganganu a waya ina zuwa ina juye musu. In ce su mutanen nan da suka tafi da shi, ba littafin nan suke karantawa ba, ba kabbara suke yi ba? In daga sama ya zo, me ya hana mai shi ya raba gardama? In ce wa ya ga lokacin da aka saukar, ba wani ne ya gaya wa wani, wani ya gaya mana ba? Da a wani gida aka haife ni a Sabon Gari, da wani littafin nake riƙe da shi ina rantsuwa. Astagfirullah, duk bakina ya faɗi wannan. Abu ɗaya ne ko a haukata ban taɓa ba, ban taɓa kai baki ga Fiyayyen Halitta ba. Abokaina suka sa mini suna Malam Babu. Ina doso rumfar sai a ce a gyara, ga Malam Babu nan, yau kuma me aka wayi gari babu? Da wasa-wasa har ranar da ɗaya daga cikinsu ya shaƙe ni da wuyan riga, idonsa jawur, ya ce don darajar marigayi yayana yake ƙyale ni, amma in na ƙara zai ɗaga murya ya tara mini jama'a, kuma na san abin da zai biyo baya. Na sani kuwa. Mai wankin hula ya ce in rufa masa asiri in daina zuwa, shi da ƙwarya da sabulu yake ci da iyalinsa.

Akwai wani Alhaji da gidansa ke kallon rumfar, mai sayar da turare, fari dogo, cikin Larabawan nan na birni da kakanninsu suka zo fatauci ta hamada suka zauna. Kullum bayan la'asar yana kan dakalinsa, ashe duk yana jin mu. Ranar da aka kore ni ya ɗaga hannu ya ce kai ɗan Kabara, zo nan, tunda sun kore ka ni ina da wuri, kuma kunnena ɗaya ya mutu, rabin saɓon kawai zan ji. Na zauna ina huci. Ya ce in kawo hajata ɗaya bayan ɗaya, kada in zube masa gaba ɗaya kamar ɗan gwanjo. Kusan wata guda muka yi, kullum sai na je, kuma ban je don in saurara ba, na je don in kayar da shi.

Kan maganar mutanen nan, cewa ya yi turare ɗaya yake sayar wa ango da mai zuwa wankan gawa da ɓarawon da zai shiga kotu yana so a ɗauke shi mutumin kirki, kuma har yau ba wanda ya dawo ya ce turaren ne ya yi sata. Na ce turare ba ya magana, littafi kuwa umarni yake bayarwa. Ya ce to shi ya sa ake zuwa makaranta, don a san me ya ce da wanda aka ce ya ce. Kan wahayi, ya ba ni labarin kakanninsa, ya ce ayari zai yi kwanaki a cikin yashi, jagora ya ce akwai rijiya gaba, kwana uku. Ba wanda ya ga rijiyar. Mutumin suke dubawa, ya taɓa yi mana ƙarya, ya taɓa cin amanar raƙumin wani, shi ma ƙishin yake ji ko kuwa yana da salkar ɓoye? Na ce Alhaji, su ai in sun kai suna ganin rijiyar, su dawo su ba da labari. Wa ya dawo daga kabari? Ya yi dariya har da tari, ya ce ja'iri, ka ci rabin wannan, rabin kuma sai mun je can ni da kai, kuma alamu sun nuna zan riga ka. Ranar na tafi gida ina jin kaina kamar na ci kofi.

Amma da na kawo babbar hujjata, sauka bakwai ba amsa, bai kawo mini wani misali ba. Ya ce shi ma 'ya'ya uku ya binne da hannunsa, kowanne ya roƙa har goshinsa ya yi kanta. Ya ce malamai suna cewa ana ba bawa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa, ko a kare shi daga wani abu, kuma shi ya yarda da haka, amma in ina tambayarsa me ya sa aka ɗauki yayana aka bar wanda ya gudo, to bai sani ba. Haka ya faɗa, ban sani ba, dattijo mai furfura a gaban yaro, ko kunya bai ji ba. Na saba da manya su yi fushi ko su kawo Larabci su rufe ni. Wannan ya bar ni ba abin naushi. Sai ya kalle ni ya ce abu ɗaya yake ba shi mamaki, sauran hujjojin ina faɗinsu ina dariya, amma wannan ta sauka bakwai kullum sai muryata ta canja, kamar mai sosa ƙurji. Na ce masa zafi ake yi. Na tashi na tafi, kwana biyu ban koma ba.

Duk wannan yawon da nake yi ban lura da gida ba. Sai ranar da aka kai Umma asibiti aka ce jininta ya hau, aka dawo da ita da magunguna, na kalle ta da kyau na ga zaninta har zagaye biyu yake mata. Washegari da safe na shiga na tarar da kokonta ya huce a gabanta, ƙuda na bi. Na ce Umma ki sha mana, ko so kike ki bi shi? Ta ture kokon gefe. Sannan ta ce in zauna, za ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ranar da yaron nan zai tafi ta hana shi, ta ce hanya ba kyau. Ya ce an riga an yi lodi, wannan tafiyar ce ta ƙarshe. Ya durƙusa don ta sa masa albarka, sai ta kawar da kai, ta ce tunda ka fi ni sani je ka, ka gani. Ta ce ya daɗe a durƙushe, ba ta juyo ba. Ta ce to ni in duba, malamai talatin sun sauke Alƙur'ani sau bakwai cif, ba harafin da ya faɗi, Allah bai karɓa ba. Me zai tare wannan in ba bakin uwa ba? Ta ce ita ta rufe masa ƙofa, kuma duk lomar da ta kai baki sai ta tuna shi da yunwa ya tafi.

Edita, amsar tana bakina. Ni kaɗai a duniya na san ba a taɓa yin sauka ko ɗaya cikakkiya ba. Amma maimakon in faɗa, sai na ɗauko kayan majalisa. Na ce Umma, ki daina wahalar da kanki, wa ma ya tabbatar akwai mai sauraren addu'ar? Ban rufe baki ba ta toshe mini shi da tafin hannunta. Hannun ba nauyi, sai ƙashi. Ta ce ta rasa ɗaya a duniya, kada in sa ta rasa na biyu a lahira, ashe bakin nata har ni ya shafa. Wato na je in rage mata kaya, na ƙara mata. Na fita. Ina so in ce washegari na dawo na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi ina kallon ana shiga da kwano ana fitowa da shi yadda yake. Ina auna mutuncina a soro da ran mahaifiyata, kuma don lalacewa har sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina awon.

Ranar da na faɗa, da azahar ne, tana kwance a tabarma. Na durƙusa na ce Umma, ba a yi sauka bakwai ba, ko ɗaya ba a yi ba, izu hamsin da takwas ake karantawa, biyun da ke hannuna ban taɓa karanta su ba, don ban iya ba. Ta tashi zaune ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce ko sau ɗaya? Na ce ko sau ɗaya. Ta ce to me kake yi da bakinka muna jiyo ku daga ciki? Na ce Ƙulhuwallahu. Ta ɗauki mafici ta dinga buga mini a ka da kafaɗa, tana cewa maƙaryaci, maƙaryaci, ba ƙarfi a dukan amma ban taɓa jin mai zafinsa ba. Can maficin ya faɗi, ta fashe da kuka, ta kira sunan Yaya. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau uku. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Matan gidan suka rugo, aka aika a kira Baffa.

Baffa ya zo ya ji komai, nawa da nata. Ya kalle ni kamar ya ga kashi a tabarmar salla. Ya ce na ci amanar mamaci, na ci ta rayayyu, na mayar da dattawa abin wasa, ya ce wa ya sani ko da an cika saukar nan da yaron yana nan. Sai Umma, wadda yanzun nan ta gama dukana, ta share hawaye ta ce a'a Malam, kada a ɗora wa yaro abin da ba nasa ba, kunya ce ta sa shi, izu biyunsa ba su suka kashe ɗan'uwansa ba, kwana ne ya ƙare. Baffa ya juyo gare ta, ya ce au, ashe kin san da kwana? Ya ce to Hajiya, in izu biyu na littafin Allah ba su isa su rage wa mutum kwana ba, yaya aka yi kalma huɗu na ɓacin ranki suka isa? Ya ce ta zaɓa, ko dai su biyun ne suka kashe shi, ita da ni, ko kuma ba ɗaya a cikinmu. Umma ta juyo. Ta kalle ni. Ba za ta iya riƙe laifinta ba sai ta miƙa mini rabi, ita kuma ba za ta miƙa ba. Da yamma ta ce a dama mata kunu, ta sha rabin kofi. Washegari ta ci tuwo.

Ni ban tsira a nan ba. Baffa ya ce mutanen da na yaudara sai sun ji daga bakina. Ran Juma'a ya tara su a soro, na miƙe tsaye na faɗa. Wani ya yi tsaki, wani ya ce Allah wadaran naka ya lalace, dattijon nan da ya ce jini ba ya ƙarya ya tashi ya ɗauki takalminsa. Har yau akwai wanda in na gaishe shi da kai yake amsawa. Sannan aka raba izu sittin aka sauke wa Yaya, ni ina zaune a bakin ƙofa hannu rabbana. Abin da na lura kawai, ranar mutum uku da suka saba ɗaukar bibbiyu sun ce idonsu ya fara rauni, a ba su rabi-rabi. Baffa ya miƙa musu rabi-rabin ya wuce gaba.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa imanina ya dawo a rana ɗaya ba. Sai da na yi watanni ina salla jikina kawai ke sunkuyawa. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wata da watanni ina tsaye a bainar jama'a ina ba da shaida a kan Ubangiji, ina cewa an yi masa sauka bakwai ya ƙi amsawa, alhali ni na san ba a yi ba. Shaidar zur na yi, kuma a kan wanda ya fi kowa sanin ƙarya nake. Da na ga tushen gardamata ke nan, sai sauran tambayoyin suka rage tsawo. Ba su ɓace ba. Har gobe ban san me ya sa aka ɗauki Yaya ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce mini ya sani. Na dai yarda akwai mai ji, kuma ba ɗan kasuwa ba ne da zai ce kaya ba su cika ba, ya fasa ciniki. Yanzu ina tuƙa adaidaita sahu, tsakanin magariba da lisha ina zama gaban wani malami da allona, cikin yara da suke ce mini Baba. Ina izu na goma sha tara.

Don haka ina kira ga samari irina masu zafin baki. Tambaya ba laifi ba ce, ni ma ina da sauran nawa, amma kafin ka miƙe a majalisa ka ce babu, ka shiga ɗaki ka tambayi kanka me kake gudu. Wani musun neman gaskiya ne, wani kuwa mayafi ne, kuma mai shi ya fi kowa sanin wanne ne. Manyanmu kuma, don Allah ku daina tambayar yaro nawa zai ɗauka a gaban mutum talatin, ku ja shi gefe. Iyaye mata, kome ɓacin rai, in ɗa ya durƙusa zai yi tafiya ku juyo ku kalle shi, ba don bakinku zai kashe shi ba, sai don ku ne za ku zauna da abin. Kai kuma da za a miƙo wa abin da ba ka iya ba, karatu ne ko wani aikin amana, ka ce ban iya ba. Za a yi maka dariya ta yini ɗaya. Ni na ƙi jin ta yini ɗaya, saura kaɗan in binne uwata.